Filin Masu Gyara: Tsohon Osiloskof a Gwanjon Intanet, Me Ake Dubawa Kafin a Taya?

Wasiƙun wannan wata sun karkata kan abu guda, wato osiloskof, na'urar nan da ke zana siffar lantarki a allo, wadda masu gyara ke kira sikof a taƙaice. Mita tana gaya maka yawan wuta, shi kuwa sikof yana nuna maka kamanninta. Mun zaɓi biyar daga cikin wasiƙun.

Assalamu alaikum. Ina gyaran rediyo da amfilifayar masallaci da inbata a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma mita kaɗai gare ni. Ƙanina ya nuna min Tektronix 465 a eBay, tayin farko bai taka kara ya karya ba. Mai shi ya rubuta cewa yana kamawa idan an kunna, amma bai gwada shi ba. Hotuna huɗu ya sa, duk allon a kashe. In taya?

Wa'alaikumus salam. Dakata tukuna, Malam. "Yana kamawa" ma'anarta fitilar gaba ta haska, fanka ta juya. Sikof ɗin da kwalbarsa, wato doguwar kwalbar gilashin da fuskarta ita ce allon, ta mutu ma yana yin haka. Taya shi a kan waɗannan hotuna cinikin biri a sama ne.

Shi dai 465 kaya ne na ƙwarai. Kamfanin Tektronix na jihar Oregon a Amurka ya fito da shi a 1972, tashoshi biyu gare shi, wato ƙofofin shigar sigina biyu, yana kaiwa megahaz 100, wato siginar da ke maimaituwa sau miliyan 100 a daƙiƙa, kuma littafin gyaransa mai cikakken zane yana nan a intanet kyauta. Amma wanda ka gani ya ba shekara arba'in baya, don haka ba sunan za ka saya ba, layin da ke allon za ka saya.

Ka sa ƙaninka ya rubuta wa mai kayan ya nemi hoto ɗaya tak. A gaban kusan kowane sikof akwai ɗan ƙarfe da ke fitar da siginar gwaji, zane mai kusurwa, hawa da sauka kamar bulo da aka jera ana tsallake ɗaya. A 465 ƙarfinta milibolt 300 ne, tana maimaituwa kusan sau 1,000 a daƙiƙa. Allon a rarrabe yake kamar gidajen dara, goma a kwance, takwas a tsaye. Idan aka haɗa wannan ƙarfe da bakin tasha ta waya zalla, aka sa mamurɗin tsayi a bolt 0.1 kowane gida, zanen zai yi tsayin gida uku. Idan aka sa mamurɗin lokaci a milidaƙiƙa 0.2, hawa da sauka ɗaya zai ci kamar gida biyar, ka ga biyu a faɗin allo. A nuna tasha ta ɗaya da ta biyu a tare, zanen a tsaye cak. Wannan hoto guda ya isa shaida cewa sashen wuta yana aiki, babbar wutar kwalba tana nan, kwalbar na da rai, amfilifayar tsayi da sashen da ke jan layi suna tafiya, kuma tiriga, wato abin da ke tsayar da zane kada ya riƙa gudu, tana kamawa.

In hoton ya zo, ka buɗe shi sosai a waya. Layin ya zama siriri kamar an ja da reza. Mai kauri, dishi-dishi, ko dai ba a saita ba ne, ko rizistocin sashen fokas sun sauya, ko kwalba ta tsufa. Ka nemi a murɗa fokas a sake ɗauka. Duba ɗakin da aka ɗauki hoton. In an kashe fitila, an yi duhu kafin layin ya fito, da walakin. Duba inda mamurɗin haske ya tsaya: lafiyayyar kwalba tana ba da haske mai kyau tun yana wajen tsakiya, wadda sai an kai shi ƙurya ta kusa ritaya. In mai kayan ya yarda da ɗan bidiyo, ya murɗa hasken a hankali. Idan ya ƙaru, ya ragu, ya sake ƙaruwa, zuciyar kwalbar ta gaji, kuma ba a ƙera sabuwa. Ya kuma kai mamurɗin lokaci gudu mafi sauri, domin a nan raunin kwalba ke tonuwa. Layin da ya ɗan karkace ba matsala ba ne, akwai wurin daidaita shi da sukuddireba. Wanda ke rawa ko yake da inuwa, galibi manyan kondensocin sashen wuta ne suka bushe.

Hotunan da aka ɗauka a kashe su ma suna da amfani. A nan ake ganin tabon ƙuna, ɗigo ko layi mai ruwan ƙasa a fuskar allo, inda aka bar haske ya daɗe wuri guda. Ka ƙirga mamurɗai, ka ga ko akwai wanda sandarsa ta karye ko ta lanƙwashe. Yawancinsu biyu ne a sanda ɗaya, ƙarami cikin babba, kuma samun madadinsu sai an yanka wani sikof ɗin. Ƙafafun baya da suka farfashe alamar faɗuwa ce. Sukurorin murfi da suka ɓace alamar wani ya riga ka shiga, ya gaza, ya rufe.

Sannan ka leƙa sauran kayan mai sayarwar. Wanda ke kwashe kayan gidan mamaci, yana sayar da kujeru da agogo, in ya ce bai gwada ba yana iya zama gaskiya ya faɗa. Amma wanda shagonsa cike yake da na'urorin awo, ya ce wannan ɗaya ne bai samu sukunin gwadawa ba, ka ɗauka ya gwada ya ga abin da ya gani.

Cututtukan 465 sanannu ne. Mafi yawa ƙananan kondensocin tantalam ne, masu kama da ɗigon alewa, sukan haɗe su janye layin wuta guda, sikof ya yi shiru gaba ɗaya. Gyaran kuɗi kaɗan ne ga mai haƙurin bi da mita. Tiransistocinsa da yawa a soket suke, jijjigar hanya kan sassauta su, sai a danna su koma. Haƙoran makunnan ciki suna da rufin zinare. In sun yi datti, a tsoma 'yar siririyar takarda a sifirit mai tsabta a ja ta tsakaninsu. Wanda ya sa musu sanfefa ya gama da su. Masu wuyar su ne kwalba, da tiransifomar babbar wuta, da kullin da ke ninka ta. Saboda haka wanda aka nuna yana aiki ya cancanci cikakken tayi. Wanda layi ya fito amma wani sashe ya ƙi, a taya shi da rangwame mai yawa. Wanda ba a ga layi ba sam, kuɗin kayan yanka za a ba shi, kuma ga mai zama a Gumel, ko kyauta aka ba shi dakonsa ya fi ƙarfinsa.

Na ga wani da araha ƙwarai, har na fara murna, sai aka ce min kuɗin kawowa ya fi kuɗin kayan. Yaya ake lissafin? Daga mai gyaran talabijin a yankin Rano.

Gaskiya aka gaya maka. Nauyin 465 ya kai kilo 11, kafin a sa kwali da soso, kuma masu dako ta jirgi sukan caji girman kwali idan ya fi nauyin tsada. Lissafin daga ƙarshe ake faro shi. Ka fara da abin da za ka iya kashewa gaba ɗaya, kada ya wuce kuɗin sabon ƙaramin sikof na zamani da za ka samu da garanti. Cire dakon cikin ƙasar mai sayarwa, da dakon zuwa Najeriya, da kuɗin kwastan, da la'adar wanda zai biya maka da katinsa, da abin da canjin dala zai ci. Cire kuɗin tsinken awo guda biyu, wato wayar da ake taɓa abin da ake aunawa da ita, don tsofaffin ba kasafai suke zuwa da nasu ba. Ware wani abu na gyara. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Rubuta shi a takarda kafin gwanjon ya zo ƙarshe, domin a daƙiƙun ƙarshe ake rububi, kuma a nan zuciya ke ingiza mutum ya ƙara. In an wuce ka, ka bari. An ƙera irin waɗannan da yawan gaske, wani zai fito.

Abu biyu da ake mantawa. Na farko, kariyar mai saye a irin waɗannan kasuwanni takan ƙare ne da zarar kaya ya isa adireshin da ka bayar. In adireshin ɗan dako ne a Amurka ko Ingila, ya turo maka, ka buɗe a Rano ka tarar da fashe, ba ka da wurin kai ƙara. Ka roƙi ɗan dakon ya buɗe ya ɗauki hoto ranar da ya karɓa. Na biyu, ɗauri. Wuyan kwalba siririn gilashi ne, kuma ƙarafan cikinta na iya gocewa ko gilashin bai fashe ba. A nemi kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da soso mai kaurin aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, a kare fuskar da mamurɗai suke. Daga Kano zuwa gida kuma a ɗora shi a cinya cikin mota. Ba kayan ɗaurewa a bayan babur ba ne.

In nauyi ne damuwar, duba Tektronix 2215 ko 2235 na shekarun 1980. Na farko megahaz 60, na biyu 100, nauyinsu bai fi kilo 6 zuwa 7 ba.

Ni malama ce, ina koyar da lantarki a wata makarantar sana'a a ƙasar Kazaure. An ba mu ɗan kuɗi na kayan aiki. Na ga Tektronix 2465B, an ce shi ne sarkinsu. Shi ya kamata mu saya wa ɗalibai?

Malama, sarki ne kam, amma sarkin da hidimarsa ta fi ƙarfin gidanku. Tashoshi huɗu gare shi, megahaz 400, ya fito a ƙarshen shekarun 1980, kuma har yau masana na yaba shi. Sai dai yana da laluran da ba a magance su da kayan kasuwa. Aisin, wato ɗan kullin lantarki mai ƙafafu, da ke jan layi a kwance, mai lamba U800 a zanensa, kamfanin ne ya ƙera wa kansa, an daina yi, kuma an san shi da mutuwa. A waɗanda lambar jikinsu ta fara daga B050000, saitin awon na'urar yana ajiye ne cikin wani kulli na kamfanin Dallas mai batir a binne a ciki, wanda aka yi wa alkawarin shekara goma. Ran da batirin ya ƙare saitin ya tafi, kuma maido da shi sai da na'urorin da ba kowane ɗakin gwaji ke da su ba. A wannan rukuni kuma akwai ƙananan kondensoci a allon sarrafawa da ke yoyo suna cinye layukan tagulla. Wanda zai saya dole ya nemi hoton allo bayan na'urar ta gama gwada kanta ba tare da saƙon kuskure ba, da shaidar an sauya waɗannan kaya.

Ku dubi abin da ɗalibai za su auna. Sauti bai wuce kilohaz 20 ba. Matsakaicin zangon cikin rediyon AM yana wajen kilohaz 455, na FM megahaz 10.7. Siginar launi a talabijin irin tamu megahaz 4.43 ce. Wutar gida haz 50. Ƙa'idar ita ce sikof ya ninka abin da ake aunawa kamar sau biyar in ana son ganin siffar daidai, amma don koyon aiki da bin sigina, megahaz 20 ya ɗauke kusan duk wannan. Hameg HM203 na Jamus ko Hitachi V-212 na Japan, duka megahaz 20 ne, cikinsu tiransistoci ne na gama-gari da za ku iya nema a Sabon Gari. Hameg ɗin ma yana da wurin gwada diyod da kondensa a allo, abin da ke saurin shiga kan ɗalibi. Uku irin waɗannan a benci uku sun fi sarki ɗaya da za a kulle a kabad don tsoron kada yara su taɓa.

In kuɗin zai kai, ku haɗa da sabo ɗaya na dijital, irin Rigol DS1054Z mai tashoshi huɗu da megahaz 50. Tsohon mai kwalba ba ya riƙe abin da ya faru sau ɗaya ya wuce, kamar tsallen wuta lokacin kunna inbata. Na dijital yana kamawa ya ajiye. Yana kuma cin wuta kaɗan, abin lura ga makarantar da ke kan sola.

Nawa ya iso jiya daga Amurka, yana nan cikin kwali a shagona a Dambatta. Ban jona ba tukuna don tsoro. Ta ina zan fara?

Tsoron nan ya yi maka rana. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Juya bayansa kafin komai. Irin su 465 da 2465 suna da makunnin zaɓi, 115 ko 230. Mayar da shi 230. A 465 sai ka sauya fis, domin na 230 kusan rabin na 115 ne, kuma adadin a rubuce yake a jikin bayan. Su 2215 da 2235 suna karɓar daga 90 zuwa 250 ba tare da an taɓa komai ba. Wasu na cikin gidan Japan kuwa bolt 100 kaɗai suka sani, sai da tiransifomar rage wuta. Bambancin haz 60 da 50 ba ya damun waɗannan na Tektronix.

Girgiza shi a hankali kusa da kunne. In ka ji ƙarar gilashi ko wani abu na yawo, kada ka kunna. Buɗe murfi, ba a jone ba, ka duba da tocila: kondensa mai kumburi, rizisto da ya ƙone, waya da ta fita. Kusa da inda wuta ke shiga, a na'urori da yawa na wancan zamani akwai kondensa mai kusurwa, ruwan zuma, ta kamfanin Rifa. Idan ka ga jikinta ya tsattsage, sauya ta da sabuwa mai alamar X2 tun kafin ta yi hayaƙi, don wutarmu ta fi wadda ta saba da ita. Kada ka kai hannu wajen jar wayar da ta shiga gefen kwalba. A 465 wutar da ke tura hasken ta kai bolt 18,000, kuma takan saura bayan an kashe.

Ga masu babbar tiransifoma irin 465, kunnawar farko a yi ta da ƙwan fitila mai zare a jere da layin wuta. Tunda shi kansa yana jan wajen wat 75, ƙwai biyu masu wat 100 a haɗe gefe da gefe sun fi ɗaya. Su haska su dushe, lafiya. Su tsaya da cikakken haske, akwai haɗewa a ciki, kashe. Ƙwan zamani mara zare ba ya wannan aiki, kuma masu sashen wuta irin na 2235 ba lalle su tashi ta wannan hanya ba. Kada kunnawar farko ta zama a kan ƙaramin janareto mai hawa da sauka ko inbata mai kaifin wuta. A samu inbata mai tsabtatacciyar wuta, ko sitabilaiza.

In ya tashi, ba shi minti 20 zuwa 30 ya ɗumama kafin ka yanke masa hukunci. Auna sabon batirin tocila da mitarka, a ce ta nuna 1.58. Sa sikof a DC, bolt 0.5 kowane gida, taɓa batirin: layi ya tashi gida uku da ɗan ɗoriya. Kuskuren kashi 3 cikin 100 yana cikin alkawarin masu ƙera shi. Bi kowane matakin mamurɗin a tashoshin biyu, ka ga ko akwai inda layi ke tsalle ko ɓacewa. Don gwada lokaci, sa manhajar fitar da sauti a waya, ka saita haz 1,000, ka ɗauka ta ramin iyafis: a milidaƙiƙa 1 kowane gida, tudu goma za ka gani, ɗaya a kowane gida. Kada ka yi awon da wutar janareto, ita kanta ba ta tsaya a 50 ba. In tsinken awonka mai rage sigina sau goma ne, ɗora shi a ƙarfen gwaji ka murɗa ɗan sukurun jikinsa har kafaɗun zanen su kwanta sumul, ba ƙaho, ba zagaye. Bar shi a kunne awa biyu da haske a ƙasa-ƙasa, kana ɗan ƙwanƙwasa gefensa. Lalurar da zafi ke tayarwa a nan take fitowa.

Sauran kula ne. Ƙurar hunturu tana taruwa a sashen babbar wuta, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ka ji tsit-tsit da wani wari mai kaifi. A hure shi kafin ruwan farko, a rufe shi da ƙyalle in ba a aiki, a cire ƙyallen in an kunna. A riƙa leƙa ramukan iska, zanzaro na son gini a ciki.

Wani abokin sana'a a Ringim ya ce min da ya maƙala bakin kada na tsinken awo a cikin cajar kwamfuta, sai tartsatsi ya tashi, wayar ta narke. Ya ce maganin a cire ƙafar ƙasa ta fulogin sikof. Haka ne?

A'a, ɗan'uwa, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Bakin kadan nan, wato ɗan maƙali mai haƙora da ke gefen tsinken, a haɗe yake da gangar jikin sikof, ita kuma a haɗe take da ƙafar ƙasa ta fulogi. A cikin caja, ko talabijin, ko duk abin da ke da irin wannan sashen wuta, bayan diyodi huɗun farko babbar kondensa tana ɗauke da wajen bolt 325, kuma ƙafarta mai alamar ragi ba ƙasa ba ce. Da ya maƙala a nan, ya haɗa wutar Nepa da ƙasa ta cikin siririyar waya, shi ya sa ta narke. In aka cire ƙafar fulogi tartsatsin zai daina, amma wutar za ta hau jikin sikof da duk ƙarfen da ke gabansa, tana jiran hannun mai shago. Shagon da wayarsa ba ta da layin ƙasa tun asali yana cikin wannan hali ko ba a cire komai ba, don haka a kafa sandar ƙasa a haɗa.

Abin da ake rabawa da wutar gari shi ne kayan da ake gyarawa, ta tiransifomar rabewa mai 230 shiga 230 fita, sikof kuma ya zauna da ƙasarsa. Ko da ita, hannu ɗaya ake aiki. In babu, a yi amfani da tsinke biyu masu jure wutar, irin masu rage sigina sau ɗari, a cire bakin kadansu duka, a juya tasha ta biyu, a sa sikof ya haɗa su; abin da zai zana shi ne bambancin wuraren biyu.

Don ganin siffar wutar da inbata ke fitarwa, ba sai ka kai tsinke kan 230 ba, wadda daga ƙololuwarta ta sama zuwa ta ƙasa bolt 650 ce. Nemi 'yar tiransifomar tsohuwar rediyo mai rage 230 zuwa 12, jona ta a inbatar, ka auna ɓangaren 12. Mai tsabtatacciyar wuta za ta zana maka tafiyar maciji, sumul. Ɗayar kuwa matakala za ka gani: hawa, tsayawa, sauka, tsayawa, kowane zagaye yana cin milidaƙiƙa 20.